Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Darasi Daga Kwarbai Kan Damuwar Yau Da Kullum

Wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka wajen ƙarshen bazara, ya bi titin da ya nufi fadar Sarkin Zazzau har ya kai Unguwar Kwarbai, zai ga wani aiki da manomi ba zai rasa gane shi ba. A gidajen ƙasa da suka rage a tsakanin na siminti, zai ga an tara jar ƙasa a ƙofar gida ana kwaɓa ta da ciyawa, magini kuwa yana bisa soro yana bin tsaga ɗaya ɗaya yana toshewa, yana gyara indararo. Hadari bai taso ba tukuna, amma mai gida ya san yana tafe. Ya kuma san ruwan dare ɗaya ba safai yake rushe soro ba. Abin da ke kawo shi ƙasa shi ne ɗigon da aka ƙyale, bana kaɗan, baɗi kaɗan, har azara ta ruɓe.

'Yan'uwa manoma, haka damuwa take yi wa ɗan Adam. Babban bala'i yana da masu jaje. Ran Asabar 11 ga Agusta 1923 ba wanda zai tuna abin da ya faru, amma ran Juma'a 11 ga Agusta 2023 mutanen Zariya ba za su manta da ita ba, gama a ranar ce wani sashi na babban masallacin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu wajen shekarun 1830, ya rufta ana sallar la'asar, mutane da dama suka rasu. Jama'a suka taru daga ko'ina, aka yi ta'aziyya, aka kai gudummawa. Amma kuɗin makaranta da ba a biya ba, da buhun masara da ke ƙarewa tun kafin a yi shuka, da bashin da ake bi, waɗannan ba wanda yake zuwa yi maka jajensu. Kai kaɗai kake jin ɗigonsu cikin dare. A kansu za mu yi magana, mu ga abin da za mu koya daga maƙwabtanmu na cikin birni.

Kayan da ke kan magidanci

Mu ɗauki misalin magidanci a Kwarbai, irin wanda da rani yake ɗinkin hula ko aikin babbar riga a zaure, da damina kuma yana da 'yar gona a bayan ganuwa, ko fadama a bakin Kubanni ko Galma. Gari na wayewa lissafi ya fara. Akwai cefane. Akwai kuɗin ɗan garuwa in famfo bai kawo ba. Akwai kuɗin karin kumallon yara, da na mota zuwa gona, da na taki. Uwargida kuma tana can ciki da nata lissafin: jarin ƙosai ko ƙuli-ƙuli ya karye, ga zubin adashi ya zo, ga bikin 'yar ƙawarta ya matso.

Shekarun nan kuwa sun ƙara wa kayan nauyi. A watannin farko na 2023, lokacin canjin takardun Naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen mudun gero, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris kāna aka soma samun sauƙi. Ran 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye Naira 1,000 a wurare da yawa. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Manomin ƙauye bai tsira ba. Ya sayi taki da tsada, ya biya ƙwadago da tsada, in farashin hatsi ya faɗi da kaka kuma shi ne mai hasara.

Saboda haka in kana kwana ba barci kana juya lissafi, kada ka ɗauka ragwanci ne ko rashin haƙuri. Kayan da gaske yana da nauyi.

Abin da damuwa ke yi wa jiki

Sa'ad da ka yi kiciɓis da maciji a kunya, nan take zuciyarka takan buga da sauri, numfashi ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure. Wasu ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda su ne ke zuba wani sinadari cikin jini, domin jiki ya sami ƙarfin gudu ko na kai duka. Wannan abu ne mai kyau. Maciji na wucewa, jiki sai ya koma yadda yake.

Wahalar ita ce jiki bai san bambancin maciji da bashi ba. Maciji yakan wuce cikin minti guda, bashi kuwa yakan kwana da kai wata shida. A 1936 wani likita mai bincike a ƙasar Kanada, Hans Selye, ya nuna cewa ɓerayen da aka daɗe ana takura musu, ko da sanyi ko da gajiya, duk rauni iri ɗaya suke samu: halittun nan na bisa ƙoda su kumbura, garkuwar jiki ta raunana, ciki ya yi gyambo. Tun daga nan likitoci suka yi ta gano yadda doguwar damuwa take taimaka wa hawan jini da ciwon zuciya, take hana barci, take kawo ciwon kai da ciwon wuya da rashin cin abinci.

Ga alamun da ya kamata mutum ya lura da su a jikinsa: saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, yawan mantuwa, farkawa da tsakar dare, gajiya tun da safe, da gudun mutane. Waɗannan su ne tsagar farko a soro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sau da yawa uwargida da yara sukan riga shi gani.

Dabarun mutanen birni

Mutanen tsohon birni sun daɗe da cunkoso da talauci da tsadar hatsi, sun kuwa ƙago wa kansu hanyoyin rage nauyi.

Ta fari ita ce majalisa. Bayan la'asar ko bayan isha za ka ga maza sun shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, kowa da wurin zamansa, kowace rana mutanen nan dai. Ana ɗinki ana hira, ana jin rediyo, wani lokaci kowa ya sa a fito da tuwon gidansa a ci tare. Mai kallo zai ce zaman banza ne. Amma a nan ne ake jin wanda yake neman magini, da inda taki ya fi araha, da wanda yaronsa ba shi da lafiya. In mutum ya yi kwana biyu bai fito ba, sai a aika a dubo shi. Damuwarsa ba ta samun damar daɗewa a ɓoye.

Ta biyu ita ce adashi. Mata goma ko ashirin su riƙa zuba abu kaɗan kowane mako wurin uwar adashi, kowace ta san ranar kwasarta. In wata ta shiga matsi, sai a roƙi mai kwasa ta yi musanya da ita. Babban amfaninsa shi ne mace ta san ranar da kuɗi zai zo hannunta, sanin rana kuwa yakan kwantar da rabin hankali.

Ta uku ita ce ƙawance da biki. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. A ciki an ga yadda mace takan ƙulla ƙawance da wata tun suna 'yan mata, da yadda kowace take kai wa 'yar'uwarta gudummawa ran suna ko aure, ita ma a mayar mata ran nata. Ta haka hidimar da za ta karya gida ɗaya sai ta rabu a kan gidaje da yawa. Gaskiya ne biki yakan zama kaya shi ma in gasa ta shiga, ana ninka abin da aka kawo har ya fi ƙarfin mutum. Masu hankali sukan zauna su yanke shi, su koma ƙaramin abu.

Duk dabarun nan uku abu ɗaya suke yi, watau raba kaya tun bai kai ga karya wuya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Manomi ma ya san wannan

A 1966 da 1967 masu bincike na Samaru, bisa jagorancin David Norman, suka bi aikin manoma a ƙauyuka uku na ƙasar Zariya, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. A lokacin malaman gona da yawa suna ganin haɗa shuka a gona ɗaya rashin wayewa ne. Binciken ya nuna manoma sun san abin da suke yi. Mai haɗa gero da dawa da wake, in ɗaya ya ƙi, ɗaya zai yi, ba ya tashi hannu wofi. An kuma ga cewa lokacin da aiki ya fi shaƙe manomi shi ne Yuni da Yuli, lokacin noma, daidai sa'ad da rumbu yake ƙasa.

To, abin da muka iya a gona, mu yi shi a zaman gida. Gidan da ya dogara ga amfanin gona ɗaya, ko ga aljihun mutum ɗaya, kullum cikin fargaba yake. 'Yan awaki biyu, da kaji, da ɗan lambu, da sana'ar hannu ta uwargida, su ne waken da ke tsakanin dawa. Tun da mun san watannin matsi, mu yi shirinsu tun da kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasi daga wata ƙasa

Akwai wata ƙasa a kudancin Afirka, Zimbabuwe, inda likitoci suka gwada ƙarfin hira irin ta majalisa. A harshensu suna kiran wannan ciwo da sunan da ke nufin yawan tunani, kamar dai yadda mu ma muke cewa. Wajen 2006 wani likita mai suna Dixon Chibanda, da ya ga likitocin ƙwaƙwalwa ba su isa ba, sai ya koya wa tsofaffin mata a birnin Harare yadda za su zauna a kan benci a harabar ɗakin shan magani, su saurari mai damuwa. Ba sa ba da magani, ba sa yin faɗa. Sukan sa mutum ya lissafa matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya, su taya shi tunanin matakin da zai ɗauka kafin zama na gaba. A 2016 aka buga sakamakon gwajin da aka yi da mutum fiye da 500. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna a benci kimanin kashi 14 cikin 100 ne suka rage da alamun baƙin ciki mai tsanani, cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa kimanin rabi.

Abin lura a nan shi ne tsofaffin nan ba su biya wa kowa bashi ba. Sun taimaki mutum ya warware kayansa ya ɗauki ƙulli ɗaya a lokaci guda.

Abin da za ka yi da kanka

1. Raba damuwarka kashi uku. Ka zauna da takarda, ko da tsakuwa in ba ka rubutu. Kashi na fari, abin da za ka iya yi a makon nan, kamar zuwa wurin mai binka bashi ku yi magana. Na biyu, abin da sai da taimakon wasu, kamar noman gonar da ta fi ƙarfinka. Na uku, abin da ba ya hannunka, kamar ruwan sama da farashin fetur. Ka fara da na fari, ka kai na biyu gaban jama'a, na uku kuwa ka sa shi cikin addu'a ka bar shi nan. Mafi yawan rashin barci a kan kashi na uku ake yinsa.

2. Ku yi lissafi tare da uwargida. Gidaje da yawa miji yana ɓoye wa mata abin da ya rage a rumbu, ita ma tana ɓoye masa bashinta, kowa yana ɗauke da kaya shi kaɗai cikin ɗaki guda. Ku auna hatsi da kaka, ku san mudu nawa gida ke ci a mako, ku ware na ci da na iri da na sayarwa.

3. In zuciya ta tashi, ka dakata. Ka zauna, ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, har sau goma. Wannan yakan rage bugun zuciya. Kada ka yanke shawarar sayar da gona, ko ta dukan yaro, ko ta korar mata, cikin fushi ko da tsakar dare.

4. Ka ba jiki hakkinsa. Babban mutum yana bukatar barcin sa'a 7 ko fiye. Ka rage goro da shayi mai ƙarfi da yamma, ka ajiye waya in ka kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

5. Ka je a auna jininka. Hawan jini ba ya yin sallama. In awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, ka bi maganar ma'aikacin lafiya, kada ka daina shan magani don ka ji sauƙi.

6. Ka riƙe ranar hutu, ka kuma riƙe aboki ɗaya wanda za ka iya gaya wa gaskiya.

Hanyar da ba ta ɓullewa

Wasu sukan nemi sauƙi wurin burkutu, ko ƙwayar tiramadol don su yi noman yini ba gajiya, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu 2018 saboda yadda ya lalata matasa da matan aure. Waɗannan kamar shafa farar ƙasa ne a kan tsaga. Gobe bashin yana nan, ga kuɗin ƙwaya ya ƙaru a kansa. Haka kuma yawan shan maganin ciwon jiki na kanti ba da izinin likita ba, musamman da yunwa, yakan kawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda.

Sa'ad da yaɓe ba zai isa ba

Akwai tsagar da ta wuce mai gida, sai an kira gwani. In mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ya jin daɗin kome, ba ya ci, ba ya iya fita aiki, ko ya fara cewa gwamma ya mutu ya huta, wannan ciwo ne, yana kuwa da magani. Kada a yi masa dariya, kada a ɗaure shi, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti. A ƙasar Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika mai sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan da na Wusasa inda za a duba shi a tura shi gaba, a Kaduna kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa. Tun farkon 2023 Nijeriya tana da sabuwar dokar da ta kare mutuncin masu irin wannan ciwo, ta maye gurbin tsohuwar ta zamanin Turawa.

Wani gargaɗi na musamman gare mu manoma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum biyar da suka kashe kansu a duniya, kimanin ɗaya da maganin ƙwari na gona ne. Sau da yawa abin na ɓacin ran sa'a guda ne, da kwalbar ba ta kusa da mutumin ya wayi gari da rai. Kada a ajiye maganin feshi a ɗakin kwana ko a madafa. A sa shi a akwati mai kwaɗo, a sayi daidai wanda za a yi aiki da shi.

Aikin jam'iyyar gama kai

Jam'iyyarmu ita ce majalisarmu, ita ce kuma adashinmu, in mun so. Ga abin da kowace za ta iya farawa ba tare da jiran kowa ba. A buɗe ƙaramin asusun gaggawa dabam da na rance, kowa ya zuba mudu ɗaya ko biyu da kaka, a ajiye cikin buhun nan mai ruɓi uku da ke hana ƙwari ba da magani ba, a fitar a watan Yuli ga gidan da ya shiga matsi. A raya gayya domin gonar mara lafiya da ta gwauruwa. A sa ranar biyan rance ta dace da lokacin da manomi yake da abin sayarwa, wanda ya kasa kuma a kira shi gefe a ji dalilinsa kafin a karanta sunansa a taro. A zaɓi dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya masu riƙon asiri, waɗanda za a iya zuwa wurinsu. In wani ya yi fashin taro sau biyu a jere, kafin a ci shi tara, a aika a dubo shi.

Maginin Kwarbai ba ya iya hana ruwa zuwa, ba ya kuma jiran ɗaki ya faɗi. Kowace shekara yakan hau soro da ƙasarsa, wani yana miƙo masa daga ƙasa. Mu ma mu yi haka tun hadari bai haɗu ba.

Tambayoyi domin taronku na gaba

Waɗanne watanni ne suka fi matsa wa gidajen jam'iyyarku, me kuma za ku tanada dominsu tun da kaka? Wa ya daina zuwa taro a cikinku, wa zai je ya gaishe shi a makon nan? A ina kowannenku yake ajiye maganin feshi?